Wa Zai Biya Kuɗin Mota Daga Jami'a Zuwa Aji?

Ba kowane gari ne a ƙasar nan Allah ya tara masa gidajen binciken kimiyya kamar yadda ya tara wa Jos da kewayenta ba. In mutum ya bi hanyar Bukuru ya nausa kudu, zai iske cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke zaune a wurin tun 1924, inda aka yi shekara da shekaru ana haɗa allurar rigakafin bushiya, cutar nan da ta sha share garken Fulani kafin a ba da sanarwar gushewarta daga duniya a 2011. Kusa da nan, a Kuru, ga tashar binciken dankalin Turawa. A cikin gari ga Jami'ar Jos, wadda ta soma a 1971 tana reshen Jami'ar Badun, ta tsaya da ƙafafunta a 1975. Ga kwalejin koyon aikin gandun daji, ga kuma gidan ajiye kayan tarihi da aka buɗe a 1952, inda kawunan yumɓu na Nok suke, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa. Kowace shekara samari da 'yan mata masu neman digiri na biyu da na uku suna shiga wuraren nan suna fita, suna aune-aune, suna rubuta kundaye, a yi wa kundayen bango mai kauri a jera su a kanta.

Amma fa in mutum ya bar ƙofar ɗaya daga cikinsu ya yi tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, yana iya faɗawa ajin sakandare inda yara cike da ɗaki suke kwafar hoton madubin duba ƙananan halittu daga allo, su sa wa kowane sashe nasa suna, su haddace, har su ci jarrabawa a kansa, alhali kuwa ba wanda ya taɓa kanga idonsa a bakin na gaske. Lalle ba dukan makarantu ne haka ba. Akwai na mishan da na kuɗi da waɗansu na Gwamnati da ke da ɗakunan gwaje-gwaje masu kyau. To amma a yawancin makarantun da 'ya'yan talakawa ke zuwa, ɗakin gwaje-gwaje ba ya buɗuwa sai hukumar jarrabawa ta WAEC ta aiko da sunayen abubuwan da za a gwada yara a kansu. Sa'an nan ne za ka ga malami ya bazama neman kwaɗo da kyankyaso da ƙwayar wake, ana fafe gora ranar tafiya.

Ba yau aka fara kokawa da wannan al'amari ba. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta zaɓo yara, ta zaɓo malamai, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun isa shaida. Da aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982 kuwa, sai aka yi odar injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu, don ba lantarki, ba ɗakin da za a kafa su, ba kuma wanda ya iya sarrafa su. Bambancin da ke tsakanin labaran nan biyu shi ne mutum. Kano ta nemo masu koyarwa, wancan shiri kuwa ya tsaya a kan kaya.

To mutanen kuwa akwai su a Jos. In aka yi gabas da gari, tafiyar kamar kilomita 15, sai a isa ƙauyen Laminga, inda dajin Amurum yake a cikin duwatsu, faɗinsa wajen hekta 300. A nan aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, ta fara aiki a 2002 bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos da Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya da mutanen Laminga kansu, kuɗin kuma daga gidan Leventis suke fitowa. Cibiyar tana ɗaukar ɗalibai 'yan kaɗan daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗauke masu nauyin karatu, su yi digiri na biyu a kan kiyaye halittu. An ƙidaya tsuntsaye kusan iri 300 a wannan ɗan daji. Waɗanda suka yi irin wannan karatu sukan nemi ƙananan kuɗin tallafi daga ƙungiyoyin waje, kamar Gidauniyar Rufford ta Ingila, don su ci gaba da bincike, kuma sau da yawa akan sa wayar da kan jama'a da ziyartar makarantu a cikin aikin. Ta wannan 'yar kafa ce mai bincike yakan sami dalilin leƙa aji.

Akwai wata ɗaliba mai nazarin tsuntsayen gonaki, haifaffiyar Jos, wadda kakanta ya zo daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza ya zauna. Da ta zo cika takardar neman tallafi daga wata ƙungiyar waje, sai ta iske wurin da aka ce ta faɗi yadda aikinta zai amfani mutanen wurin. Ta rubuta cewa za ta riƙa zuwa wata makarantar sakandare ta Gwamnati a bayan gari sau ɗaya a mako har zango biyu. Gaskiyar magana, don ta cike gurbin ta rubuta, hankalinta yana ga tsuntsayenta. Kuɗin suka fito a farkon 2023. Ta sayi madubin hangen nesa guda huɗu da littafin hotunan tsuntsaye guda biyu, ta ware kuɗin mota, ta tafi gaida shugaban makaranta, shi kuma ya haɗa ta da malamin ilmin halittu.

Malamin dattijo ne, ya fi shekara ashirin da biyar yana riƙe da alli, ya kuma ga baƙi iri-iri. Ya san masu zuwa da ƙyalle mai rubutu, su jera yara su ɗauki hoto, su raba biskit, ba a ƙara ganinsu. Bayan sun gaisa ya dube ta ya ce, "'Yata, hoto kika zo ɗauka ko aiki?"

Ta ce, "Malam, aiki na zo yi. Amma hoton ma sai an ɗauka, don masu kuɗin suna son su gani."

Ya yi dariya ya ce tun da ta faɗi gaskiya za su shirya. Ya ba ta darasin safiyar Alhamis na 'yan aji huɗu.

Ranar farko ba ta yi kyau ba. Ta zo da Turancin jami'a da sunayen Latin, ta yi ta zuba har aka kaɗa ƙararrawa, yara suna kallonta kamar mai karanta labarai a talabijin. Malam yana zaune a bayan aji bai ce uffan ba. Da suka fito ya tambaye ta ko ta san shamuwa. Ta ce ai kowa ya san shamuwa. Ya ce, "To ki fara daga nan. Yaron da ke gabanki ya san in ya ga shamuwa ruwa ya kusa. Tambaye shi ina take zuwa da rani, ki ga abin da zai faru."

Mako na gaba ta yi tambayar, aji ya kaure. Wani ya ce Makka take zuwa, wata ta ce kakarta ta ce cikin kogon dutse take ɓuya, wani ya ce bakin teku. Ta bar su suka yi ta gardama, sa'an nan ta gaya masu cewa shamuwa tana yin sheƙa ta ƙyanƙyashe a ƙasashen nan na arewa da damina, in ruwa ya ɗauke sai ta tsallake tsakiyar duniya ta bi damina zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda fara da tsutsa suke da yawa a lokacin. Ta ƙara masu da labarin wani ɗan tsuntsu mai farin gira, wanda bai kai rabin nauyin ƙwan kaza ba, da ke zama a kan karan gonakin Filato da rani, in bazara ta yi ya ƙetare Sahara da Bahar Rum ya tafi Turai ya yi 'ya'ya, kana ya komo, sau da yawa gonar da ya bari ita yake komawa.

Nan ne wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, wa ya bi shi har Turai ya gani?"

Malam ya ce daga baya, a shekarunsa na koyarwa ba a cika yi masa irin wannan tambaya ba, don littafi in ya faɗi abu shi ke nan, ba a tambayarsa inda ya samo. Ita kuwa ɗalibar tana da amsa, domin aikin da ake yi ke nan a dajin da take zuwa. Ta bayyana yadda ake kafa raga mai laushi da asuba a kama tsuntsu ba tare da an ji masa ciwo ba, a auna shi, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Ta ce waɗansu akan ɗaura masu 'yar na'ura a baya, wadda ba abin da take yi sai rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta kowace rana. In tsuntsun ya komo baɗi aka sake kama shi, sai a karanta. Tsawon yini yana nuna yadda ya yi arewa ko kudu, lokacin da rana ta take tsaka kuma yana nuna yadda ya yi gabas ko yamma. Malamin labarin ƙasa da ke wucewa ta taga ya tsaya yana saurare, don layukan taswirar nan da yake fama da yara su haddace, ga su sun fito daga bayan tsuntsu.

Daga nan sai suka shiga ƙidaya. Kowace Alhamis da safe, kafin a shiga aji, yara su kasu kashi huɗu, kowane kashi da madubi ɗaya, su tsaya a wuri ɗaya a gefen filin makaranta minti goma sha biyar, su rubuta kowane tsuntsu da suka gani da yawansa. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, tsawon lokaci ɗaya; ta nace a kan wannan har yara suka gaji da ji, sai da wani kashi ya sauya wuri ya dawo da adadin da ya ninka na kowa, aka yi ta musu, sa'an nan suka gane da kansu dalilin nacin. Wani yaro da kowa ya san shi da danƙon harbi a aljihu, wanda ba ya taɓuka kome a jarrabawa, ya zama shi ne gwani. Ya san tsuntsaye da kukansu tun kafin a gan su, ya san sunayensu da Hausa, waɗansu yaran kuma suka kawo sunayen da Birom da Jarawanci, aka buɗe shafi na musamman a littafin ƙidaya don sunaye. Akwai tsuntsaye biyu da ɗalibar ta ɗauka iri ɗaya ne daga nesa, yaron ya ce ba ɗaya ba ne, aka duba littafi aka tarar shi ke da gaskiya. Ta faɗi haka a gaban aji. Ba ƙaramin abu ba ne yaro ya ga mai digiri ta karɓi gyara daga hannunsa don hujja tana tare da shi.

Darasin da ya fi kama zukatansu shi ne na tsuntsaye biyu 'yan gida. Akwai wani ɗan jan tsuntsu mai zama a cikin duwatsu, wanda masana ba su bambance shi da danginsa suka ba shi suna nasa ba sai a 1998, sa'ad da Robert Payne na Jami'ar Mishigan a Amurka ya bayyana shi daga nan tsaunukan Jos. Akwai kuma wani baƙi mai sheƙi, wanda sunansa na Turanci ke ɗauke da sunan Filato, da ba ya yin sheƙa sam. Macen takan saci jiki ta saka ƙwanta a sheƙar jan, jan ya ƙyanƙyashe ya ciyar. Cikin bakin ɗan baƙin yana da alamomi irin na 'ya'yan mai gidan, don haka ba a gane shi. In ya girma, in namiji ne, kukan uban riƙonsa yake kwaikwayo, macen kuma mai irin wannan kuka take nema. Yaran suka yi ta mamaki cewa abin da Bature ya taso daga Amurka don ya gani, yana nan a duwatsun da suke hawa neman itace. Malam ya ce babin nan na manhaja a kan yadda halitta ke dacewa da wurin zamanta, wanda yakan yi mako biyu yana fama da shi, ya shige a safiya ɗaya.

Ita ma ba ta tashi a banza ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban yara 'yan shekara goma sha biyar yana ƙoƙarin gaya masu dalilin da ya sa yake ƙidaya tsuntsu, ya san in bai fahimci aikinsa ba a nan asirinsa zai tonu. Tambayoyin yaran sun sa ta sake rubuta babin farko na kundinta. Wannan kuwa ba ita kaɗai ba ce. A 2011 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a Amurka, wanda ya nuna cewa ɗaliban babban digiri da suka haɗa koyarwa da bincike sun fi waɗanda suka tsaya a kan bincike kaɗai ci gaba wajen tsara tambaya da tsara gwaji.

Amurkawa sun taɓa mai da wannan abu shiri na ƙasa. A 1999 hukumarsu mai ba da kuɗin binciken kimiyya, watau NSF, ta buɗe wani shiri mai suna GK-12. Jami'a takan nemi kuɗin, ta ƙulla da makarantun firamare da sakandare na kusa da ita, ta tura ɗalibanta masu neman babban digiri su riƙa yin sa'o'i kamar goma a mako a aji tare da malamin ajin. Albashin ɗalibi ya kai dala 30,000 a shekara, ban da kuɗin makaranta, malamin ajin ma ana ba shi nasa hasafi, don an san aikinsa ya ƙaru. Dubban ɗalibai sun bi ta wannan hanya. Duk da haka a 2011 hukumar ta ba da sanarwar daina shirin, ta ce ya cika aikinsa, za ta juya kuɗin ga waɗansu hanyoyin horar da masu bincike. Malamai da ɗalibai sun yi ta kuka, bai hana ba. A Ingila kuwa, a wannan shekara ta 2011, waɗansu malaman makaranta biyu suka kafa ƙungiyar The Brilliant Club, wadda ke biyan masu neman digiri na uku su je makarantun 'ya'yan marasa ƙarfi su koyar da ƙananan rukunoni abin da suke bincike a kai. Abin lura a labarin Amurka shi ne, ko a ƙasa mai arziki irin wannan shiri maraya ne. Masu kuɗin bincike suna ganin aikin ma'aikatar ilmi ne, ma'aikatar ilmi tana ganin aikin jami'a ne, ranar da aka zo rage kasafi shi ake fara dubawa.

A Nijeriya marayan ko haihuwarsa ba a yi ba. A 1993 aka kafa dokar harajin ilmi, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, ana raba kuɗin tun daga firamare har jami'a. A 2011 aka sake dokar, asusun ya zama TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantu, a 2023 kuma harajin ya kai kashi 3 cikin 100. Asusun ya gina ɗakunan karatu, ya tura malaman jami'a ƙaro ilmi, ya ba da kuɗin bincike. A ɗaya gefen, dokar 2004 ta ba hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don firamare da ƙaramar sakandare, da sharaɗin jiha ta kawo kwatankwacin abin da za a ba ta. Kowane asusu da shingensa. Babu ɗaya a cikinsu da aka kafa domin ya biya ɗalibin jami'a ya tsallake shingen ya shiga aji, babbar sakandare kuwa, inda ake raba yara a ce waɗannan 'yan kimiyya ne, ta faɗa a tsakanin shingayen biyu.

Wani zai ce ai ga 'yan hidimar ƙasa. Gaskiya ne, tun da Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma ɗan Filato ne, ya kafa shirin a 1973, makarantu da yawa da su suke numfashi, haka kuma a da matasan N-Power da aka fara ɗauka a 2016, waɗanda aka riƙa ba naira 30,000 a wata. Amma waɗannan gurbin malamin da babu suke cikewa. A ba mutum alli da manhaja a rufe ƙofa, ko ya karanta fannin ko bai karanta ba. Mai bincike kuwa abin da yake kawowa daban ne: tambaya ce da shi kansa bai gama samun amsarta ba, da kayan aunawa, da hanyar aunawar. Kuma amfaninsa yana ga kasancewar malamin ajin yana nan. Ɗalibar nan da ba don dattijon da ke zaune a bayan aji ba, da ta yi zango biyu tana yi wa bango Latin. Nan ne haɗarin yake, in har wata rana aka yi irin wannan shiri a ƙasar nan. Jihar da ke jin nauyin ɗaukar malamai tana iya ganin ta sami masu koyarwa a araha, ta tura ɗalibi ajin da ba kowa, a ɓata karatunsa a ɓata na yara.

Akwai kuma ƙorafin manyan malaman jami'a, kuma ba a banza suke yi ba. Ɗalibin da yajin aiki ya cinye wa wata takwas a 2022, ga kuɗin makaranta, ga na sinadaran gwaji da yake saye daga aljihunsa, in aka ce ya ba da yini guda a mako kyauta an zalunce shi. Shi ya sa maganar ta kuɗi ce tun daga tushe. Kuɗin kuwa ba masu yawa ba ne in aka gwada su da na gini ɗaya: kuɗin mota, ɗan alawus na wata ga ɗalibi, hasafi ga malamin aji, da kayan aiki da za su zauna a makaranta. Da TETFund za ta ce duk wanda ta ba kuɗin bincike ya ware ɗan kaso don ɗalibinsa ya yi aiki da makaranta ɗaya ta kusa, ko Gwamnatin Jihar Filato ta sa wannan a cikin sharuɗɗan sukolashif na babban digiri, da ba sai an kafa sabuwar hukuma mai shugaba da motoci ba.

Kuma ba tsuntsaye kaɗai ba. Turawa sun soma haƙar kuza gadan-gadan a farkon ƙarni na 20, kasuwarta ta rushe a duniya a 1985, aka bar wa Filato ɗaruruwan ramuka cike da ruwa. Da ruwan nan ake noman rani na kabeji da karas da tumatir da ake lodi zuwa Kano da Legas. Mai nazarin sinadarai da ke auna abin da ke cikin ruwan yana iya yin rabin aikinsa tare da yaran da iyayensu ke ban ruwa da shi. Masana sun auna tarin yashin da aka bari bayan wanke kuza sun tarar yana fitar da tururin nukiliya fiye da ƙasar da ke kewaye, saboda ma'adinan da ke cikinsa, ga shi kuwa mutane suna ɗiba suna gini. Ɗalibin fizik da zai shigo aji da na'urar auna wannan, ya sa yara su gwada yashin unguwarsu da na wani wuri, ya koyar da babin da ya fi kowane wuya a manhaja, ya kuma aika da saƙo gida. Haka mai binciken cutar da ke ƙone ganyen dankali da damina, a yankin da dankali shi ne kuɗin makarantar yara. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Sai dai a Jos fita da yara waje ba abin wasa ba ne. Tun rikicin Satumba na 2001 da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, unguwanni sun rabu, iyaye suna tambayar ina za a kai ɗansu, ta wace hanya za a bi. Ɗalibar ta so ta kai ajin duka su ga yadda ake sa wa tsuntsu zobe. Sai da Malam ya bi gida-gida, ya yi magana da liman ya yi da fasto, kafin aka sami izinin iyayen yara goma sha takwas. Da ita kaɗai ce, baƙuwa mai jaka a baya, ko ɗaya ba za a ba ta ba.

Tafiyar ba ta yiwu ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin da ta ware don hayar bas suka koma kuɗin motarta ita kaɗai, da ƙyar suka kai ta ƙarshen zango. Ta rubuta rahoto, ta haɗa da rasit da hotuna, ta aika wa masu kuɗin, suka yi godiya. Tallafin na shekara ɗaya ne, kuma ya ƙare.

Ranar sallama ta miƙa wa Malam madubin huɗu da littattafan biyu. Ya ce ta kai ofishin shugaban makaranta a rubuta su a littafin kaya, don kada wata rana a ce ya ci. Aka rubuta, aka sa su a kabad aka kulle, sai an cika takarda ake fitowa da su. Malam ya ci gaba da ƙidayar Alhamis da ido da kunne, yaron nan mai danƙo yana ja-gaba, malamin lissafi kuma ya karɓi adadin ya koyar da matsakaici da zanen jadawali da su. Da shamuwa ta iso a shekara ta gaba, yaran suka rubuta ranar da suka fara ganinta a littafin, ƙarƙashin ta bara, suka aika wa Anti ta wayar Malam suna tambaya ko bambancin kwana tara yana nufin wani abu. Ta amsa masu cewa shekara biyu ba ta isa a ce kome ba, sai an tara kamar goma. Malam kuwa saura shekara uku ya yi ritaya, kuma har yanzu ba a turo wa makarantar wani malamin ilmin halittu na biyu ba.